Wa Ke Cika Butar Alhaji

A kwana na tara da rasuwar Alhaji ƙanwata ta shigo mini da baƙar leda cike da littattafai. A Adum ta sayo su, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafan Turanci a bakin titi, kuma na san ba zaɓa ta yi ba, kwasa ta yi kamar mai sayen tumatir. Ta ajiye a gefen katifa ta ce, "Yaya, ki riƙa dubawa. Wata huɗu da kwana goma ba wasa ba ne, kar ki zauna kina kallon bango."

Bangon nake kallo kuwa. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, bakina bai taɓa hutawa ba, amma da takaba ta zaunar da ni sai na rasa abin faɗa. Mutane su shigo su ce ya haƙuri, in ce da godiya. A kawo tuwo in ci, a ce in kwanta in kwanta. Ban yi kuka ba ranar da aka kira ni daga babban asibitin Bantama, ban yi ba da aka fita da shi, kuma ban ji kukan yana tafe ba. Hawan jini ne. Ya fita shagonsa na huluna da darduma da safe, ya faɗi kafin azahar, shi ke nan labarin.

Littattafan duk iri ɗaya ne, ko da yake marubutan daban-daban. A bangon kowane littafi akwai hoton ƙaramin gari mai tsabta, da kofin shayi ko kare. A ciki, kafin shafi na ashirin, an tsinci gawa. Sai dai kullum mamacin wani ne da ba wanda yake so, mai rowa ko mai baƙin baki, don haka ba a daɗe ana jimami. 'Yan sanda su zo su kama wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Daga nan wata mai gasa burodi, ko wani tsohon mai gyaran agogo, wanda ba aikinsa ba ne kuma ba wanda ya sa shi, ya shiga bin gida-gida yana shan shayin mutane yana musu tambayoyi. A ƙarshe ya tara kowa a ɗaki guda ya warware komai dalla-dalla: wane ne ya yi, da me, saboda me.

Na farko na gama shi a yini biyu. Ban ce na ji daɗinsa ba, don a lokacin ba na jin daɗin komai, amma ya riƙe ni. A cikin waɗannan littattafai mutum ba ya faɗuwa haka kawai tsakanin huluna. In ya mutu akwai wanda ya jawo, kuma za a gano shi kafin bango na baya. Mutuwar ma ba ta hana kowa cin abinci ko zolayar maƙwabci. Ina tsammanin abin da ya ja ni ke nan, kuma har yau ina karanta su, ko da yake yanzu akwai wani wuri da nakan tsaya in rufe littafin na ɗan lokaci.

Wadda aka ajiye ta zauna da ni ita ce yayar Alhaji, muna kiranta Hajiya Babba. Daga Aboabo ta taso da jakarta da carbinta da maganin gwiwa. Ba ta karatun boko, kuma ba ta yarda mutum ya yi shiru kusa da ita. Kwana biyu tana kallona ina juya shafi, ran na uku ta kasa daurewa.

"Wai me ke cikin takardan nan da ya fi hira da mutane?"

Na ce kisan kai ne. Ta yi salati, ta gyara zama, ta ce in faɗa mata wa aka kashe. Daga ranar na zama mai fassara. In karanta babi in juya mata da Hausa, ita kuma ta yanke hukunci. Ba ta taɓa jira a kai rabi ba.

"Mai lambun nan ne. Na tsane shi tun farko, ladabinsa ya yi yawa paa, fiye da kima."

In aka kai ƙarshe ya zama ba shi ba ne, sai ta ce marubucin ne ya canja don ya kunyata ta. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne yadda mutanen littafin suke barin baƙo ya shigo ya tambaye su inda suke ranar Talata da ƙarfe huɗu. Ta ce a nan unguwarmu ta Zango wanda ya yi wa mutum wannan tambayar sai ya fita da kunnensa a hannu. Duk da haka na ga abin ya shige ta. Ta fara kallon mutanen gidan ta gefen ido.

Alhaji yana da buta ta ƙarfe, tsohuwa, wadda mahaifinsa ya bar masa. Ba ya alwala da ta roba. Kullum yakan rufe shago ya dawo gida kafin la'asar, ni kuma in na taso daga makaranta, ko bayan na yi ritaya, in cika butar a famfon tsakar gida in ajiye ta a ƙarƙashin matakalar bene, inda yake zama. Bayan rasuwarsa an juye ruwan an kife ta a wurin, ana jiran addu'ar arba'in a san yadda za a yi da kayansa.

Wata rana, wajen kwana na goma sha biyar, Hajiya tana barcin rana, gidan ya yi tsit saboda zafi, na fita tsakar gida. Ban tuna na yi niyyar komai ba. Na dai ga kaina na dawo ɗaki hannuna a jiƙe. Da Hajiya ta tashi za ta yi alwala, sai na ji muryarta daga waje.

"Wa ya zuba ruwa a butar Alhaji?"

Ni ce, kuma na san ni ce. Amsar tana bakina, kalma biyu kacal. Na ci gaba da kallon shafin da ke gabana. Ba kunya ce ta hana ni ba, ba kuma tsoro ba. Na ji dai magana aiki ce, kuma ba ni da ƙarfinta. Hajiya ta zubar da ruwan ta sake kife butar. Washegari na sake cikawa, wannan karon ina sane. Ba zan iya cewa ga dalili ba, sai dai a duk tsawon yini wannan ne kaɗai abin da hannuna yake yi ba tare da an ce in yi ba.

A rana ta uku Hajiya ta shigo ɗaki ta turo ƙofa, idonta yana ƙyalli irin wanda ban gani ba tun da ta zo.

"Ke, tica. Irin na takardanki ne ya same mu a gida. Ni zan gano shi, ke kuma ki riƙa rubutawa."

Haka na zama mataimakiyar mai bincike. Ta sa na ɗauko tsohon littafin rajista na 'yan aji na jera sunayen duk wanda ke gidan. Gidan gado ne, irin na tsohon Zango, ɗakuna sun zagaye tsakar gida, rabi dangi rabi 'yan haya. Mun cire tela, don yana shago har magariba. Mun cire mai sayar da wake da shinkafa, don da rana tana kasuwar Kejetia tana sayayya. Hajiya ta ƙi yarda a cire ladan da ke haya a ɗakin ƙofa, ta ce tun yana saurayi ba ta yarda da tafiyarsa ba. Sunana ba ya cikin jerin. Ni na rubuta shi, kuma ba wanda ya ce in sa.

Dabarar farko toka ce. Ta barbaɗa ta kewaye da butar don a ga sawu. Da la'asar aka tarar da sawun kaji, da na akuyar maƙwabta, da wani babban sawu da ta auna da tsinken tsintsiya ta bi takalman gidan ɗaya bayan ɗaya, har ta gano nata ne. Ni dai na tsaya a matakala ta biyu na miƙa hannu daga sama. Dabara ta biyu zare ne da murfin gwangwani, wanda zai yi ƙara in an taɓa. Ni na ƙulla mata zaren, don idonta ba ya ganin ƙulli. Sau biyu ta rantse ba za ta yi barcin rana ba, ta zauna a bakin taga da goro a hannu, kuma sau biyun na cire mata goron daga hannu kar ya faɗi.

Gidan da ya yi shiru tun ranar jana'iza ya farfaɗo. Mata suna taruwa a ƙofar ɗakina da yamma, kowa da wanda take zargi. Mai wake ta ce aljani ne, Hajiya ta ce aljani ba ya buƙatar buɗe famfo. Har shayi aka fara dafawa, don Hajiya ta ce a takarda ba a bincike sai da shayi. Suna dariya, wani lokaci in ji fuskata ita ma ta motsa. Ba a ƙara kallona da idon tausayi ba, kuma hakan ya yi mini. Na zauna a tsakiyarsu da rajista a cinya, na bar abin yana tafiya.

Ɗakin da ke fuskantar matakalar na wata tsohuwa ne, 'yar ƙabilar Moshi, mai sayar da gawayi a ƙofar gida. Mma mai gawayi muke ce mata. Na tarar da ita a gidan ranar da aka kawo ni, ita ta yi mini wankan jego na farko da uwata ta makara a hanya. Hausarta irin ta wanda ya koya da girma ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta, kuma yara suna kwaikwayonta tana dariya. Ba ta cika shiga taron yamma ba. In an tambaye ta ra'ayinta sai ta ce, "Ni bai sani asem na mutane," wato zancen mutane, ta ci gaba da ƙulla gawayinta a leda.

Saura kwana biyar arba'in, Hajiya ta shigo da butar a hannu, ta riƙe ta da gefen mayafi. A jikin mariƙin akwai shatin yatsu huɗu, baƙi ƙirin, na gawayi. Daga baya na gane abin da ya faru: ranar na ajiye butar inda rana ke bugu, tsohuwar ta matsar da ita cikin inuwa. Amma Hajiya ta samu abin da take nema tun makonni uku, har rawar kafaɗa ta yi.

"Ba na faɗa ba? Wanda ya fi kowa shiru, shi ne. Rubuta."

Na rubuta. A littafi, wanda aka fara zargi yakan sha tambayoyi, ransa ya ɓaci na babi biyu, daga baya a kai masa kek a ba shi haƙuri, ya yi dariya. Ina jin a raina haka na ɗauka za a yi, in har na ɗauki wani abu. Amma kafin magariba maganar ta fita daga hannun Hajiya. Wata ta ce ai ana haɗa magani da ruwan da ya kwana a kayan mamaci. Wata ta ce mutanen can sama, irin su Mma, sun san irin waɗannan abubuwa. Wadda ta ce haka, Mma ce ta yi jinyar ɗanta lokacin ƙyanda. Zuwa safiya labarin ya kai kunnen ƙanen Alhaji, wanda ragamar gidan ta koma hannunsa, kuma kowa ya san tun bara yake neman ɗakin da zai sa ɗansa mai shirin aure.

Ya tara mutanen gida a tsakar gida bayan la'asar. Ina zaune a bakin ƙofata, labule a ɗage. Aka kira Mma, ta zo tana goge hannu a zani. Ya yi mata magana a hankali, da ladabi ma, abin da ya sa ya fi muni. Ya ce ba ya zargin kowa, amma gida gidan marayu ne yanzu, dole a kiyaye. Ya sa aka ɗauko Alƙur'ani, ya ce ta dafa ta rantse ba ta san komai game da ruwan butar ba, magana ta mutu a nan.

Ta dubi Alƙur'anin, ta mai da hannuwanta baya.

"Alhaji karami, ni bai rantse."

"Mma, in ba ki da hannu, me zai hana?"

"Ni bai rantse koraa, ko kadan."

Ba ta dube ni ba. Ko sau ɗaya ba ta juyo wajen ƙofata ba. Ya ce to, tun da haka ne, bayan addu'ar arba'in ta nemi wani wuri. Ta ce to, ta koma kan gawayinta.

Ina so in ce zuciyata ta buga, ko cikina ya ɗuri ruwa. Ba haka aka yi ba. Na ga komai, na fahimci komai, na san tsohuwa za ta rasa ɗakin da ta yi fiye da rabin rayuwarta a ciki saboda ni, amma kamar a gidan wasu ake yi ina hangowa ta katanga. Na ce a raina gobe zan faɗa. Na saki labule na ɗauki littafi. Hajiya ba ta nemi fassara ba ranar. Ta zauna tana jan carbi, can ta ce, ba da ni take ba, "Ni fa ba haka na so ba. Wasa na ɗauka."

Gobe ta zo ban faɗa ba, jibi ma haka. Butar kuwa ƙanen Alhaji ya kulle ta a ɗakinsa, don haka ruwa ya daina bayyana, kuma kowa ya ce ga shaida nan.

Ranar arba'in da safe mata suka cika tsakar gida suna suyar masa ta sadaka. An jera tanda uku, hayaƙi ya tashi, ana ta ƙirga faranti na maƙwabta da na masallaci. Wuta ta fara ja baya, sai na ga Mma ta jawo rabin buhun gawayi daga ɗakinta ta ajiye kusa da murhu. Matar da ke suya ta dubi buhun ta dubi ta kusa da ita. Ba wadda ta sa hannu. Aka aika a sayo wani a waje.

Ban san me ya sa wannan ya yi abin da taron rantsuwa bai yi ba. Na tashi na fito har tsakiyar gida, na ce, "Ni ce nake cika butar." Muryata ta fito kamar ina kiran sunayen 'yan aji. Na ce tun ranar farko ni ce, ni na tsallake toka, ni na kwance zare. Masa ɗaya ta ƙone a tanda kafin wani ya yi motsi. Hajiya ta zauna a kan turmi, ta riƙe baki, sai hawaye. Mata suka kewaye ni suna Allah sarki, suna shafa mini baya, suna cewa shekara talatin da wani abu ba a manta su a kwana arba'in. Tausayin duk ni aka ba. Sai da aka daɗe wata ta tuna ta ja buhun gawayin zuwa bakin murhu.

Da yamma ƙanen Alhaji ya je har ƙofar Mma ya ce a yi haƙuri, kuskure ne, ta zauna abinta. Hajiya ta bi da kwanon masa da turmin atamfa da ta ciro daga jakarta. Mma ta karɓa ta yi godiya, ta ce ba komai. Kwana uku bayan haka 'yarta da ke aure a Oforikrom ta zo da babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, irin wanda muke kira aboboya. Kayan ba su da yawa: katifa, akwatin ƙarfe, tukwane, da ma'aunin gawayi.

Na bi Mma har ƙofar gida. Iyakata ke nan, mai takaba ba ta taka titi ba tare da larura ba. Na ce, "Mma, ki yafe mini."

"Na yafe. Allah ya ji kan Alhaji."

"Kin san ni ce?"

"Kulum ina gani ka ta taga."

"To me ya sa ba ki faɗa musu ba? Da kin faɗa, da ba a kai nan ba."

Ta gyara ɗaurin zaninta, ta dube ni sosai, karo na farko tun ranar taron. Ba fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi mini sauƙi.

"Ba nawa ba ne in fada. Na ce kai za ka fada. Ranar nan na jira, gobe na jira, jibi na jira."

'Yarta ta kama hannunta ta hau, ta zauna a kan katifar ta riƙe akwatin. Babur ɗin ya bi ta gefen masallaci ya sha kwana. Na tsaya har mai sayar da lemo da ke tsallaken titi ta fara kallona, sannan na koma ciki. Saura wata uku in fita takaba, kuma saura littafi shida a cikin ledar. Na ɗauki na sama na buɗe, na karanta har aka kira magariba.